Yadda Ake Tsare Gida Daga Ɓarayi Idan Za a Yi Doguwar Tafiya

Na daɗe ina aiki a Kaduna, kuma da wuya Sallah ta zo ban kwashi iyali mun nufi gida ba. Sau ɗaya aka taɓa shiga mini gida, a shekarun farko, muna can hutun Babbar Sallah. Muka dawo muka tarar da ƙaton kwaɗon da na sa a get yana nan daram, ko taɓa shi ba a yi ba. Ashe ta katangar baya aka haura, aka ɗaga kwano ɗaya a saman sito, aka faso silin, aka buɗe ƙofar kicin ta ciki. Talabijin, tukunyar gas, atamfofin uwargida da sarƙarta, duk aka yi gaba da su. Daga baya wani dattijo maƙwabcina ya ce mini, "Malam, ai kwaɗon nan naka shi ya yi shela." Gaskiyarsa. Ɓarawo ba ƙarfe ya fi tsoro ba, mutum yake tsoro. Abin da yake so ya sani kawai shi ne: akwai kowa a gidan, kuma yaushe za a dawo?

Abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da nake bi tun daga lokacin, ko tafiyar kwana 5 ce ta Sallah, ko ta aikin Hajji da kan ɗauki wata guda ko fiye.

Kayan da za ka tanada

Kwaɗo masu kyau guda 3 ko 4, irin masu kauri waɗanda wuyansu gajere ne ko a rufe yake, yadda almakashin yanka rodi ba zai samu wurin kamawa ba. Sakata biyu ga kowace ƙofar da ke fita waje. Sabon cikin makulli idan tsohon ya bi hannaye da yawa. Sarƙar ƙarfe mai kauri. Fitilun sola 2 ko 3 masu kunna kansu da magariba, in da hali ɗaya mai haskawa idan ya ji motsi. Littafi da biro, da wayarka don ɗaukar hoto. Jakar leda mai zif ta takardu. Mai walda na rabin yini. Kyamarar tsaro mai sola da layin waya, ga wanda aljihunsa ya kai. Wanda bai kai ba kada ya damu, ba ita ce ginshiƙi ba. Sai abin da ba a saye a kasuwa, wato mutum ɗaya amintacce.

1. Zagaya gidan kamar kai ne ɓarawon

Ka yi wannan mako 2 kafin tafiya, kada ka bari sai daren tashi. Fita waje ka zagaya katanga, musamman bayan gida da ɓangaren da ke kallon kango ko fili. Kango shi ne babban abokin ɓarawo: a can yake laɓewa ya karanci gida, a can kuma yake tara kaya kafin ya kwashe. Duba duk abin da za a taka a hau: tarin bulo, duro, tsohuwar taya, reshen darbejiya ko mangwaro da ya leƙo kan katanga. A sare reshen, a kawar da bulon. A cikin gida kuma tsani, diga, gatari, guduma da shebur duk su shiga ɗaki a kulle. Ɓarayi da yawa ba sa zuwa da kayan aiki, da naka suke fasa maka ƙofa.

Sannan ɗaga kai ka kalli rufi. Galibinmu muna kashe kuɗi a ƙofar gaba mu manta da sama, alhali kwano ƙusa ce kawai ke riƙe da shi, silin kuwa ƙafa ɗaya ta ishe shi. Duba ramin da aka sa na'urar sanyaya ɗaki ta taga, da tagar banɗaki, da ta kicin. Yaro siriri ake turawa ta irin waɗannan wurare ya buɗe wa manya.

2. Kira mai walda

Nan ne ya kamata kuɗinka su fi tafiya. Kwaɗo mai tsada a jikin kunnen da aka ɗaure da ƙananan kusoshi wasa ne. Ba za a taɓa kwaɗon ba, kunnen za a ɓanɓare. A yi wa kunnen walda a jikin ƙofar ƙarfe, in kuma ƙofar katako ce a huda ta a sa noti mai ratsawa, a ɗaure ta ciki. Idan hinjin ƙofa yana waje, a ɗiga wa kansa walda don kada a buge sandar a cire ƙyauren gaba ɗaya.

Ƙarfen taga ma a duba shi. Idan sandunan tsaye ne kawai masu tsawo, ana sa jak ɗin mota a tsakani a buɗa su. A ƙara sanda biyu a kwance, a tabbatar kuma bakin ƙarfen ya shiga cikin gini sosai, ba ɗan siminti aka shafa masa ba.

Maganar silin kuwa, ba kowa ke iya sa ragar ƙarfe a saman gida duka ba. Abin da na yi shi ne na zaɓi ɗaki ɗaya, na sa aka shimfiɗa ragar rodi a saman silinsa, aka sa masa ƙofar ƙarfe. Shi ne ɗakin ajiyata duk lokacin tafiya. Idan wannan ma ya yi nauyi, to aƙalla ƙofar kicin da ta baya su zama masu buƙatar makulli ko ta ciki, ba sakata kaɗai ba. Wanda ya faɗo ta sama zai iya ɗaukar abin da zai shiga aljihu, amma ba zai fita da firij ta rufi ba.

Mai gidan ƙasa ya duba gindin bango, musamman da damina. Bangon da ruwa ya ci, da ɗan ƙarfe ake huda shi cikin dare ba tare da ƙara ba. A yi yaɓe kafin a tafi.

3. Ƙirga makullanka

Zauna ka tambayi kanka: makullin ƙofar nan guda nawa ne, kuma ina kowanne yake? Wanda ya zauna a gidan kafin kai, magini, mai fenti, yaron da ya taɓa yi muku aiki, makullin da ɗanka ya ce ya faɗi a makaranta. Idan lissafin bai cika ba, canza cikin makullin. Aikin minti kaɗan ne wurin kafinta, kuma ba sai an canza ƙofa ba. Kada ka sayi kwaɗon nan masu araha da ake zubawa a faranti, sau da yawa makullin wani yana buɗe wani.

Ɓoye makulli a ƙarƙashin dutse, ko saman ƙofa, ko cikin tukunyar fure, wannan kowa ya san shi. Makulli a hannun mutum ake barin sa.

4. Raba gidan da abin da ba ya mayuwa

Talabijin in an sace za ka sayi wata. Takardar mallakar fili, takardun makaranta, takardar ɗaukar aiki, takardun mota da gwal ɗin uwargida, waɗannan su ne masu sa mutum zarya. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a imel ɗinka, sannan ka haɗa na ainihi a jakar leda ka kai ajiya gidan mahaifi ko wani babban da ka yarda da shi. Ku ƙirga gwal tare a gabansa, a rubuta. Ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne. Tsabar kuɗi kuwa banki ne wurinsu. Ƙarƙashin katifa, saman durowa, cikin kwalla da aljihun babbar riga, nan ɓarawo ke fara dubawa.

Abin da zai zauna a gida, ka rubuta lambar jikinsa a littafi: janareto, talabijin, kwamfuta, inbata da baturanta, injin ruwa. Lambar jikin wayar hannu kuwa, wadda ake kira IMEI, tana fitowa idan ka danna *#06#. Ɗauki hoton kowane kaya da rasit ɗinsa. Ranar da aka kama wani da kaya, wanda ke da lamba a rubuce shi ke karɓar nasa ba gardama.

Kada ka manta da tsakar gida. A yanzu abin da aka fi ɗauka ba ma a ɗaki yake ba: janareto, tukunyar gas, injin ruwa, batir, wayar wuta, kan famfo, har tukwanen alminiyom, domin duk suna da kasuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Duk abin da zai ɗauku ya shiga ɗakin ajiya. Wanda ba zai ɗauku ba a yi masa keji ko a ɗaure da sarƙa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wata shawara da wasu ba sa yarda da ni a kai: kada ka kulle durowar da babu komai mai daraja a ciki. Ɓarawon da ya riga ya shigo zai fasa ta ne, ka yi asarar durowa a banza. Ƙofa ɗaya mai ƙarfi ta fi ƙananan makullai goma.

5. Samo wanda zai riƙe gidan

Duk abin da na faɗa a sama jinkirta ɓarawo kawai yake yi. Mai hana shi zuwa shi ne ya ga ana shiga ana fita.

Idan tafiyar ta wuce mako guda, a samu mai kwana. Ga mai tafiya Hajji ko Umara wannan dole ne, domin tafiyar Hajji ba ta ɓoyuwa: an yi walima, an zo sallama, unguwa duka ta san ka tafi, ta kuma san ba gobe za ka dawo ba. Wajen zaɓe, na fi son magidanci da matarsa, ko dattijuwa da jikanta, a kan saurayi shi kaɗai. Saurayin yana iya zama mutumin kirki, amma abokai za su zo kallon ƙwallo, abokan su zo da nasu abokan, kafin ka dawo mutum 20 sun san ciki da wajen gidanka. Da ɗan gari akan ci gari. In saurayin ne kaɗai ke akwai, ka gaya masa a fili, gaban wanda yake jin nauyi: ba baƙo, ba kwana a waje. Ka ba shi ɗaki ɗaya da banɗaki, ka kulle sauran. Ka bar masa kuɗin abinci da katin wuta, domin wanda yunwa ta kora ba zai zauna gadi ba.

Idan babu mai kwana, maƙwabci ne madogara. Ka je gidansa da kanka, kada ka aika yaro. Ka ba shi makullin get kawai, ka roƙe shi abubuwa ƙanana da ba za su gundure shi ba: a share ƙofar gida duk bayan kwana 2, a cire takardar da aka saƙala a get, a leƙa tsakar gida da safe. Da hunturu ƙura da busassun ganye ke tona asirin gidan da ba kowa, da damina kuma ciyawa. In yana da mota, ya riƙa ajiye ta a ƙofarka wani lokaci. In 'ya'yansa za su yi wasa a wurin da yamma, ya fi kyau. Har shanya nakan roƙa a yi mini a igiyar tsakar gida, a kwashe da yamma.

Sai ka sanar da mai unguwa da shugaban 'yan sintiri, su biyu kawai, ba taron majalisa ba. Idan ana bin ka kuɗin sintiri na wata-wata, biya kafin ka tafi, har da na watan da ba ka nan. Ba ka biya ba tun bara, sannan ka ce a sa maka ido? Mai maigadi kuma ya biya shi albashinsa, ya sa wani babba ya riƙa zagayo shi ba tare da sanarwa ba.

Mazaunin gidan haya mai ɗakuna da yawa ya fi kowa sauƙi ta wani ɓangaren, tunda gidan ba ya zama ba kowa. Sai dai da Sallah kowa kan watse lokaci guda. Ku tambayi juna wa zai zauna. In babu, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mai gadi na kwanakin.

Dabbobi a kai su wani gida. Rago a gidan da ba kowa, ana jibi Sallah, kukansa kaɗai gayyata ce. Kare yana da amfani, amma sai in akwai mai ba shi abinci da ruwa kullum.

6. Wuta, fitila da kyamara

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne barin ƙwan waje a kunne. Ƙwan da ke ci da tsakar rana kwana 3 a jere yana faɗa wa mai wucewa cewa babu mai kashewa. Ga kuma haɗarin gobara idan aka kawo wuta da ƙarfi ba kowa a gida. Ni idan babu mai kwana, nakan kwashe abin da ke firij, in bar ƙofarsa a buɗe don kada ya yi wari, in cire duk abin da ke soket, in kashe babban makunnin gida gaba ɗaya. Haske kuma in bar wa fitilun sola, masu kamawa da magariba su mutu da asuba. A kafa su can sama inda hannu ba ya kaiwa, ɗaya a get, ɗaya a bayan gida. Akwai soket mai agogo da ke kunna fitilar ɗaki a kan lokaci, amma da yawansu lissafinsu kan rikice duk lokacin da aka ɗauke wuta, don haka ban cika dogara da su ba.

Rufe kan tukunyar gas, cire tiyon. Rufe famfon da ke saukar da ruwa daga tanki. Ruwan da ke malala ta ƙarƙashin get kwana da kwanaki shi ma shela ne, bayan ɓarnar da zai yi wa gini.

Idan ka sa kyamara, gwada ta mako guda kafin tafiya. Ka je wurin aiki ka buɗe ta a waya ka gani. Tabbatar layin da ke ciki yana da sabis a unguwarku, datar kuma za ta kai har ka dawo, sannan ka canza lambar sirrin da ta zo da ita. Ka tuna kyamara ba ta kama ɓarawo. In ka ga mutum a tsakar gidanka kana Makka, abin da zai amfane ka shi ne lambar maƙwabci da ta 'yan sintiri a wayarka.

7. Mota da babur

In za ka bar mota, ya fi kyau ta kwana a gidan da ke da mutane. In a gidanka za ta zauna, cire kan batir, kwashe takardu, sa makullin sitiyari. Tafiyar wata guda kada ka ja birkin hannu, yakan kame. Sa ta a giya ka tokare tayoyin da dutse. Babur kuwa ɗaki ake shigar da shi a sa masa sarƙa.

8. Kama bakinka, da na yara

Ba sai mai kayan miya da mai wanki da mai ruwa sun san ranar tafiyarka da ranar dawowa ba. Ba zarginsu ake yi ba, magana ce ke da ƙafa: shi ya faɗa a wurin mai shayi ba da wata manufa ba, wani na gefe ya ji. Ka ce musu kawai za ka neme su. Yara ma a ja musu kunne, domin su ne ke shelar "za mu tafi garinmu sai bayan Sallah" a Islamiyya.

Babbar matsalar yanzu ita ce waya. Hoton akwatuna, hoton filin jirgi, hoton "mun sauka lafiya" a WhatsApp da Facebook da TikTok. Mutum nawa ke da lambarka waɗanda ba ka san su sosai ba? Ajiye hotunan, in ka dawo ka sa su duka. In ba za a iya haƙuri ba, a taƙaita masu gani zuwa dangi na kusa. Uwargida da 'yan mata su ma a yi wannan maganar da su, don ba amfani kai ka yi shiru su suna watsawa.

9. Ranar tashi

A loda kaya a cikin gida, get a rufe. In motar haya ce ko adaidaita, kada a yi hirar kwana nawa za a yi a gaban direba. Bi ɗaki-ɗaki da littafinka: taga, labule, soket, famfo, gas. Labule a bar shi yadda aka saba barin sa. Kulle ƙofofin baya ta ciki, ka fito ta gaba.

Sai maganar da na fara da ita. Babban get ta ciki ake kulle shi, da sakata da kwaɗo, yadda mai wucewa ba zai ga komai ba. Kai kuma ka fita ta ƙaramar ƙofa mai makulli a cikin jikinta. Idan get ɗinka ba shi da irin wannan, mai walda zai iya yanka ɗan rami ya yi wa kwaɗon akwati, a riƙa zura hannu ana kullewa ta ciki. In duk babu hali, sai kwaɗon waje, amma maƙwabci ya riƙa buɗewa da rana yana shiga yana fita.

Ka miƙa makulli, ka yi addu'ar tafiya, wadda a cikinta ake cewa Allah ne abokin tafiya kuma shi ne halifa a kan iyali, ka kama hanya.

10. Kana can, da kuma dawowa

Kira maƙwabcin duk bayan kwana 2 ko 3, a gaisa, kada ka mai da shi kamar ma'aikacinka. Wanda ya fita ƙasar waje ya sa sabon layi, WhatsApp ɗinsa na tsohuwar lamba zai ci gaba da aiki muddin bai canza ta ba, sai ya gaya wa mutanen gida ta nan za a same shi. Ka kuma bar lambar wani ɗan'uwa da ke gari wanda zai iya yanke shawara a madadinka, domin ranakun Mina da Arfa ba lallai a same ka ba. In dawowa ta ɗaga, sanar da mai riƙe gidan shi kaɗai.

In ka dawo, tsaya ka dubi get da katanga kafin iyali su sauka. Ka ga ƙofa a buɗe ko taga a karye, kada ka shiga kai kaɗai, wataƙila mutum na ciki. Mayar da iyali gidan maƙwabci, kira 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko lambar gaggawa ta 112. Kada a taɓa komai sai an ɗauki hoto. Ka kai rahoto da littafin nan na lambobin kaya. In takardu ne suka ɓata, za ka buƙaci rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu kafin a sake ba ka wasu. A daren nan kuma a canza duk makullan waje, a toshe inda aka shigo, domin wanda ya ga abin da ya rage yakan dawo.

In kuwa ka tarar da komai lafiya, karɓi makullinka ka ƙirga, ka mayar da kan batir, ka buɗe famfo a hankali kana duba ko wani wuri na yoyo. Tsarabar maƙwabci da ta mai kwana a ware ta tun a can, ko dabino ne da zamzam, ko kilishi da man shanu daga gida, a kai musu a ranar kafin a fara rabon dangi.